Kafin Ki Ɗaga Waya A Filin Jirgi, Tuna Da Bodar Kongolam

 

Hawa jirgin sama ya daina zama na manyan 'yan kasuwa da 'yan siyasa su kaɗai. A ƙasar Daura yanzu da wuya ki zaga unguwa ba ki sami wadda ta je Hajji ko Umara ba, ko wadda ta raka ɗanta filin jirgi zai tafi karatu, ko wadda ta kai mara lafiya Masar ko Indiya. Kuma kowacce da wayarta a hannu, ga dangi a WhatsApp suna jiran hoto. Shi ya sa tambayar nan ta cancanci amsa: tunda na biya kuɗin tikitina, ina da 'yancin ɗaukar duk hoton da na ga dama a filin jirgi da cikin jirgi?

Amsar a taƙaice ita ce kina da 'yanci, amma yana da iyaka. Idan kuwa maganar iyaka ake yi, mutanen Kongolam malamai ne.

Kongolam tana ƙaramar hukumar Mai'adua, a bakin iyakar Najeriya da Nijar, kan hanyar da ta tashi daga Daura zuwa Damagaram. Duk matar da ta saba tsallakawa Ɗan Barto ko Matamaye don biki ko suna ta san yadda tafiyar take. A cikin mota ana hira, ana ɗaukar hoton lalle da anko, ana dariya. Da an doso shingen kwastan da na jami'an shige da fice, sai kowa ya mayar da wayarsa jaka. Ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya karanta mata doka, amma ta san ba a saita kyamara a fuskar mai kaki yana bakin aikinsa. To filin jirgi ma boda ce, an dai yi mata rufi da tayil da na'urar sanyaya ɗaki. Kakin da kika baro a Kongolam shi za ki tarar a filin jirgin Malam Aminu Kano da na Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina: kwastan, shige da fice, 'yan sanda, jami'an NDLEA masu farautar miyagun ƙwayoyi, ga kuma masu tsaron filin na hukumar FAAN.

Inda ake sauke waya

A harabar waje, da zauren da ake jiran jirgi, da wurin cin abinci, galibi ba mai hana ki ɗaukar hoton kanki da 'ya'yanki. Ki yi hoton bankwana da Hajiya, ki yi na ɗauki-kanka da ƙanwarki, ba laifi.

Wurare huɗu ne ya kamata wayar ta koma jaka ko da ba ki ga allon gargaɗi ba. Na farko, wurin binciken jiki da na'urar da ke haska cikin kaya. Na biyu, teburin da ake buga wa fasfo hatimi. Na uku, wurin kwastan da NDLEA. Na huɗu, duk inda kika hango soja ko jirgin soja.

Dalilin ba boyayye ba ne. Hoton na'urar bincike yana nuna wa mugu abin da na'urar take gani da abin da take kasa gani. Hoton teburin shige da fice kuma yakan kwaso fasfon wanda ke gabanki a layi, da sunansa da lambarsa. Ko a Amurka, inda hukumar tsaron filayen jiragensu ta yarda fasinja ya ɗauki hoto a wurin bincike muddin bai kawo cikas ba, ta hana ɗaukar allon na'urar.

Batun soja ya fi duka nauyi. Filin jirgin Kano yana da ɓangaren sojin sama, jiragen soji suna amfani da na Katsina, haka filin Diori Hamani na Yamai yana manne da sansanin sojin sama. A Najeriya Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 ta haramta ɗaukar hoto a wuraren tsaro da aka keɓe ba tare da izini ba. Yaro zai hango jirgin yaƙi ta taga ya ce, "Mama, ba ni waya." Nan ne za ki ce masa ya kalla da ido, ya ba 'yan'uwansa labari da baki.

Akwai kuma ɗan tattakin da ake yi daga ƙofa zuwa matakalar jirgi. Nan ne kowa ke son tsayawa ya yi hoto da jirgi a bayansa. Idan ma'aikaci ya ce a wuce, ki wuce. Motocin kaya suna kai-komo, ana iya zuba mai a lokacin, kuma hannun da ya riƙe waya shi ne ya saki hannun yaro.

A cikin jirgi, matuƙi ne maigida

Tikitin da kika saya yarjejeniya ce tsakaninki da kamfani, kuma akwai sharuɗɗa a bayansa waɗanda kusan ba mai karantawa. Kamfanoni da dama sun rubuta cewa fasinja zai iya ɗaukar hoton kansa da iyalinsa da abin da yake gani ta taga, amma ba na ma'aikata ko na wasu fasinjoji ba sai da yardarsu. Bayan wannan, Yarjejeniyar Tokyo ta 1963, wadda Najeriya ke cikinta, ta ba matuƙin jirgi ikon tsare fasinja ko sauke shi idan yana barazana ga lafiyar jirgi ko zaman lafiyar cikinsa. Ma'aikaciyar da ke yi miki magana da yawun matuƙin take yi.

Akwai kuma sabon umarni da mata da yawa ba su ji ba. A watan Agustan 2025 hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama, ta bakin shugabanta Kyaftin Chris Najomo, ta ce a kashe waya ɗungurungum lokacin tashi da lokacin sauka a jiragen Najeriya. Saita ta a alamar jirgi kawai bai wadatar ba. Ma'anarsa, bidiyon nan da ake so na jirgi yana ɗagawa, gidaje suna komawa kamar akwatin ashana, a jirginmu na gida ya zama saɓa umarni. Ki jira a kai sama a ba da izini, gajimare ba zai gudu ba.

Hoton da bai kamata ki bari ya wuce ki ba

Kada wannan bayani ya sa ki ji tsoron wayarki. Akwai hotunan da rashin ɗaukarsu ne sakaci.

Da yawa daga cikinmu muna tuna ɗalibar nan da ta tashi daga Kano zuwa Umara tare da mahaifiyarta da 'yar'uwarta a watan Disamban 2018. Hukumomin Saudiyya sun kama ta saboda wata jaka mai ɗauke da ƙwayar tiramadol da aka maƙala wa sunanta, alhali ba ta taɓa ganin jakar ba. Binciken NDLEA ya gano wasu ma'aikata ne a filin jirgin Kano suka yi wannan aika-aika, aka kama su aka gurfanar da su. Ba a sake ta ba sai ƙarshen Afrilun 2019, bayan wata huɗu a tsare a ƙasar da hukuncin safarar ƙwaya ke kaiwa ga kisa. A watan Agustan 2025 irin haka ta sake faruwa da mutum uku da suka tashi daga Kano zuwa Jidda, biyu daga cikinsu mata, su ma sai da aka shafe makonni kafin gaskiya ta fito aka sake su.

Saboda haka kafin ki bar gida, ki jera jakunkunanki ki ɗauke su hoto a buɗe, sannan a rufe. Idan an auna kaya an maƙala musu lamba, za a manna miki 'yan ƙananan takardu a bayan tikiti ko fasfo. Ki ƙirga su tun kina tsaye a wurin: jaka biyu, takarda biyu. Idan kika ga ta uku, kada ki motsa sai an yi miki bayani. Ki koma gefe ki ɗauki hoton takardun, ki tura wa maigida ko babban ɗanki shi kaɗai. Hoto shi kaɗai ba ya wanke mutum a kotu, amma yana nuna rana da lokaci da adadin kayan da kika miƙa, kuma ranar tsanani wannan ba ƙaramar hujja ba ce. Hausawa suka ce rigakafi ya fi magani.

Haka idan jakarki ta iso a fashe ko a yage. Ki ɗauke ta hoto nan take a wurin ɗaukar kaya, ki kai rahoto kafin ki fita. A tafiyar ƙasashen waje, Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta ba fasinja kwana 7 ya rubuta ƙorafin lalacewar kaya, da kwana 21 idan jinkirin isowa ne. Idan kuma jirgi ya yi jinkiri, hoton allon da ke nuna lokaci da na saƙon da kamfani ya turo miki su ne shaidarki. Sashe na 19 na ƙa'idojin NCAA ya tanadi cewa a jirgin cikin gida, idan jinkiri ya kai awa 2 a ba fasinja abin taɓawa, idan ya wuce awa 3 yana iya neman a mayar masa da kuɗinsa.

Kyamarar fasinja ta taɓa ƙwato wa mutum haƙƙinsa a idon duniya. A ranar 9 ga Afrilun 2017, a birnin Chicago na Amurka, jami'an tsaro sun ja wani likita mai shekara 69 a ƙasa daga jirgin kamfanin United, fuskarsa jina-jina, don a ba ma'aikatan kamfani kujera. Bidiyon da fasinjoji suka ɗauka ne ya tilasta wa kamfanin neman afuwa da sasantawa da shi kafin watan ya ƙare. Idan kika ga ana zalunci a fili, ɗaukar shaida daga inda kike zaune, ba tare da kin tare hanya ba, taimako ne.

Ɗauka daban, yaɗawa daban

Sai dai a nan ne yawancinmu muke zamewa. Ku tuna abin da ya faru ranar 10 ga Agustan 2025 a jirgin Ibom Air da ya tashi daga Uyo zuwa Legas. Gardama ce ta fara a kan kashe waya tsakanin wata matashiya da ma'aikatan jirgi. Da aka sauka sai ta koma dambe, aka fito da ita da ƙarfin tsiya, rigarta ta yage, tsiraicinta ya bayyana. Kafin gari ya waye bidiyon ya zagaye ƙasa. An kai ta gidan yarin Kirikiri, bayan kwana biyu aka janye ƙarar kotu ta sallame ta. Ministan sufurin jiragen sama Festus Keyamo ya yi tir da halin da ta nuna, amma ya yi tir da sakin bidiyon, ya kuma ce a hukunta wanda ya sake shi.

Ƙara an janye ta, haramcin hawa jirgi da aka sa mata an ɗage shi, amma bidiyon yana nan a wayoyin mutane, kuma wata rana 'ya'yanta za su girma su riƙe waya. Da bidiyon ya tsaya a hannun hukuma da lauya, da ya yi aikinsa na shaida. Duk wadda ta danna ta tura shi zauren WhatsApp na 'yan biki, ko da ta rubuta "Allah ya kyauta" a ƙasa, ta sa hannu a tonon asirin 'yar wani. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi tarar da za ta iya kai naira miliyan 7 ko ɗaurin da zai iya kai shekara 3 ga mai aika hoton batsa. Ita ma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta bar mutum ya yi harkar hotunansa na gida, da sharaɗin kada ya keta sirrin wani.

Ba sai an kai ga rigima ba ma. Ki dubi jirgin alhazai da ya tashi daga Katsina: tafiyar awanni ce, an kwana a sansani, an gaji. Ga dattijuwa ta yi barci baki buɗe, hijabinta ya zame. Ga mai jego tana shayarwa. Ga wata za ta asibiti a Alƙahira, ba ta gaya wa kowa a danginta ba sai mijinta. Kin ɗaga waya kin zagaya da ita kina cewa "ga mu nan cikin jirgi," kin ɗora a sitatus. A cikin mutum ɗari biyu da za su kalla, akwai wanda ya san ɗaya daga cikinsu. A yankinmu da kowa ya san kowa daga Daura zuwa Zango, Sandamu, Baure har Damagaram, fuska ba ta ɓata. Kafin ki ɗora, ki kalli bayan hoton kamar yadda kike kallon fuskarki a ciki. Idan akwai wata, ki yanke gefen, ko ki nemi izininta.

A ƙasa mai tsarki kuwa abin ya wuce kunya, ya zama laifi. Dokar laifukan intanet ta Saudiyya ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 1, ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000, ga wanda ya keta sirrin wani da kyamarar waya. A Daular Larabawa, inda 'yan kasuwarmu ke zuwa Dubai saro kaya, ɗaukar hoton mutum ba da yardarsa ba laifi ne mai ɗauri ko tara mai nauyi. Ki ja kunnen yara da 'yanmatan da kike tafiya da su tun daga gida.

Katin shiga jirgi ba kayan ado ba ne

Hoton da aka fi yayi shi ne na fasfo kore da katin shiga jirgi a ɗore a kan cinya. A jikin katin akwai sunanki da wata lamba mai haruffa shida, da zanen layi-layi ko na ɗigo-ɗigo da na'ura ke karantawa. Da sunan da lambar, wani zai iya shiga shafin kamfanin jirgin ya ga ranar dawowarki, wani lokaci har ya taɓa tsarin tafiyar. A 2020 tsohon Firaministan Ostireliya Tony Abbott ya ɗora hoton katinsa a Instagram, wani masanin kwamfuta ya bi ta nan ya gano lambar fasfonsa da lambar wayarsa, ya sanar da hukuma. Idan hakan ta sami tsohon shugaban gwamnati, ina ga ni da ke?

Sannan ga halin tsaro da jiharmu take ciki. Sitatus ɗin da ke cewa "sai mun dawo" yana gaya wa na kirki da mugu cewa uwar gida ba ta nan, yara ne da mai aiki, kuma gidan yana da abin da ya kai a sayi tikitin jirgi. Ki adana hotunan, idan kin dawo lafiya ki ɗora su tare da na tsaraba.

Idan aka ce ki daina, ko ki goge

Da farko ki sauke wayar. Gardama a tsakiyar jirgi ko a gaban teburin fasfo ba ta taɓa ƙarewa da daɗi ga fasinja ba, ko da ita ce mai gaskiya, domin jirgin zai tashi ya bar ta tana bayani. Ki ce, "Yallaɓai, ka yi haƙuri, hoton yarana nake ɗauka," ki nuna hoton da hannunki. Idan ya kwaso wurin bincike ko fuskar jami'i, goge shi ya fi sauƙi, ba ki rasa komai ba.

Idan kuma shaida ce ta wani abu da aka yi miki, kamar neman na goro ko wulaƙanci ko lalata kaya, ki faɗa cikin ladabi cewa kina so a kira babban jami'in wurin. Ma'aikaciyar jirgi tana da ikon ce miki ki daina ɗauka, amma ita ba 'yar sanda ba ce da za ta shiga binciken cikin wayarki. Kada ki yi kokawar waya da kowa. Ki riƙe sunan da ke jikin rigarsa, da lambar jirgi, da lokaci. Hukumar NCAA tana da jami'an kare haƙƙin fasinja a filayen jiragen ƙasar nan, kuma can ya kamata shaidar ta fara zuwa kafin Facebook ko TikTok. Bidiyon da ya je hannun hukuma yana iya dawo miki da haƙƙinki. Wanda ya fara shiga intanet kuwa ya fita daga hannunki har abada, kuma idan kika haɗa shi da zargin da ba za ki iya tabbatarwa ba, ke za a juyo a nema.

Tambayoyi uku kacal nake so ki riƙe, ki kuma koya wa yaranki kafin a kama hanyar Katsina ko Kano. Wannan wurin na waye? Fuskar waye ta shiga hoton? Ina hoton zai je bayan na ɗauka? Idan wurin na jami'an tsaro ne, wayar ta koma jaka. Idan fuskar ta wata ce, sai da yardarta. Idan jakarki ce da takardunki, ki ɗauka ki adana, kada ki ɗora.

Yanzu saura naku. Akwai wadda aka taɓa hana ta ɗaukar hoto a filin jirgi ko a boda, yaya aka ƙare? Akwai wadda ta taɓa ganin kanta a sitatus ɗin wata ba da saninta ba? Ku rubuto mana a ƙasa, amma don Allah ban da ambaton suna ko ɗora hoton kowa. Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo mana da su lafiya, ya rufa mana asiri duniya da lahira. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.